Majigi ya ƙi nuna hoto ta wayar HDMI zuwa VGA

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da kwamfuta a wata makarantar sakandare a Gusau, kuma abin nan ya tsaye mini a wuya. Laftof ɗina ƙofar fitar da hoto ta HDMI kawai gare ta, majigin makarantar kuwa tsoho ne, sai VGA, mai shuɗin kai da tsinke 15. Na sayi waya a kasuwa, gefe ɗaya HDMI ɗayan VGA, babu wani akwati a tsakiya. Da na jona, sai majigin ya rubuta "No Signal" ya tsaya cak.

Na danna maɓallan Windows da P na zaɓi Duplicate (don hoton laftof ya fito a majigi), na rage girman allo zuwa 1024×768, na kashe na kunna, shiru. Ƙofar HDMI ɗin lafiyarta ƙalau, don ta nuna a talabijin. Majigin ma ya yi aiki da laftof ɗin wani malami mai VGA. Yara na zaune suna jira, abin na ci mini rai matuƙa.

Don Allah, wannan wayar za ta iya aikin, ko dole sai na nemi adafta mai juya siginar dijital zuwa analog?