Don Allah a taimaka min da zanen jadawalin rigakafi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗaliba ce, wata huɗu ke nan ina koyon zane a waya da manhajar Canva. Malaminmu ya ce kowa ya haɗa hoto ɗaya mai ɗauke da bayani, sai na zaɓi jadawalin allurar rigakafin yara da Hausa: ranar haihuwa, sati 6, sati 10, sati 14, sai ta ƙyanda a wata 9. Burina uwar da ba ta yi nisa a boko ba ta kalla sau ɗaya ta gane.

Yau kwana biyar abin ya ƙi. Rubutu ya cunkushe, launuka shida kowanne na jan ido. Na nuna wa yayata mai goyo, ta riƙa juya wayar tana tambayata ta ina za ta fara. Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Na duba Pinterest, shafin da ake ɗora hotuna da zane-zane, amma misalan ba su yi kama da iyayenmu ba. A ina kuke samun dabara in kai ya toshe haka? Sannan da na sauya salon rubutu sai ƙ, ɗ da ɓ su fita daban da sauran haruffa. Wane salo ne ke ɗaukar su daidai?