Me ya raba Morishus da Nauru, alhali a shekara ɗaya suka samu 'yanci?

Ɗalibar Tattali:
Assalamu alaikum. Ina roƙon malamai su warware mini wani abu da ya ɗaure mini kai. Morishus da Nauru duk ƙananan tsibirai ne, duk sun samu 'yancin kai a 1968, kuma kowace da haja ɗaya ta dogara, Morishus da rake, Nauru da fosfat ɗin da ake takin zamani da shi. A shekarun 1970 Nauru ce ke kan gaba nesa ba kusa ba, har ana lissafa mutanenta cikin waɗanda suka fi samun kuɗin shiga a duniya, amma yau da tallafin Ostireliya take rayuwa, ita kuwa Morishus tana cikin ƙasashen Afirka mafiya wadata. Ina aka samu bambancin?

Malam Mai Alli:
Wa alaikumus salam, Malama. Lokacin da Morishus ta rabu da Birtaniya, fiye da kashi 90 cikin ɗari na abin da take fitarwa sukari ne, kuma tun a 1961 masanin tattalin arziki James Meade ya yi hasashen cewa yawan haihuwa da rashin aikin yi za su durƙusar da ita. Abin da ya cece ta shi ne yadda ta sarrafa ribar sukarin. A ƙarƙashin yarjejeniyar Lome ta 1975, Turai ta riƙa sayen kimanin tan 500,000 na sukarinta kowace shekara a farashin da galibi ya zarce na kasuwar duniya, sai masu gonakin rake suka zuba rarar a masaƙu da otal-otal maimakon su kwashe ta waje. Dokar 1970 da ta kafa yankin masana'antun fitar da kaya ta jawo 'yan kasuwar Hon Kon, mata da yawa suka bar zaman gida suka hau keken ɗinki a masana'anta, sannan daga 1977 karatun sakandare ya zama kyauta. Saboda haka da Tarayyar Turai ta fara zaftare farashin sukari a 2006, har ragin ya kai kashi 36 cikin ɗari, ƙasar ta ji jiki amma ba ta faɗi ba.

Baban Hajara:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai kada a zalunci Nauru a wannan awo. Rake in an sare shi yana sake tohowa, fosfat kuwa in an haƙe ya tafi ke nan. Tsibirin gaba ɗaya murabba'in kilomita 21 ne, kuma haƙar ta lalata kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙasar, ta bar tsinin duwatsu tsaye cirko-cirko inda ba a iya shuka ko gini. Gaskiya ne shugabanninta sun yi almubazzaranci da asusun kuɗin fosfat da aka tara wa 'yan baya, sun sayi benaye a birnin Melbon na Ostireliya, sun riƙe kamfanin jirgin sama mai cin asara, daga bisani aka sayar da kadarorin don biyan bashi. Amma ƙasar da mutanenta ba su wuce dubu goma sha 'yan kai ba, a can tsakiyar tekun Fasifik, da waɗanne ma'aikata za ta buɗe masaƙa, wa kuma za ta sayar wa? Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tun daga 2001 ta koma karɓar kuɗi don tsare masu neman mafaka da Ostireliya ta ƙi.

Hajiya Mai Lissafi:
Ƙanwata, in kina son awo na adalci, ki haɗa Morishus da Komoros, tunda teku ɗaya suke ciki, wato tekun Indiya. Komoros ta samu 'yanci a 1975, kuma tun daga nan ta sha juyin mulki da yunƙurinsa fiye da sau ashirin, ga shi har yanzu kanumfari da banila ne manyan hajojinta. A Morishus kuwa, a zaɓen 1982 'yan adawa suka lashe duk kujerun majalisa 60 na babban tsibirin, gwamnati ta miƙa mulki salin alin, kuma mai jari yana lura da irin wannan.

Duk da haka ban yarda a ce Morishus ta tsira ba. A Yulin 2020 Bankin Duniya ya sa ta cikin ƙasashe masu babban kuɗin shiga, a shekarar ce kuma korona ta hana baƙi zuwa, tattalin arzikinta ya ragu da kusan kashi 15 cikin ɗari, jirgin ruwan Wakashio ya kuma malalar da mai a gaɓarta. Shekara na zagayowa aka mayar da ita rukunin da ta baro.