Pentax ko Canon? Ina neman shawara kafin Sallar Gani

Ɗan Kusugu:
Assalamu alaikum. Ni mazaunin Daura ne, na daɗe ina ɗaukar hoto da waya, yanzu na tara ɗan abin da zan sayi kyamara ta hannu in fara karɓar aikin biki da suna. Biyu ne a gabana. Wani abokin yayana da ya dawo daga karatu a waje zai sayar min da Pentax K-50 da lensi biyu da jakarta. A Kano kuma na ga Canon 600D mai lensi ɗaya, kuɗinta ma ya ɗara na waccan. Na gwada Pentax ɗin da yamma a filin Kangiwa, wallahi hoton ya kwanta min a rai, har zaren aikin babbar rigar wani dattijo ya fito ɗaya bayan ɗaya. Amma duk mai hoton da na tambaya sai ya ce bai taɓa riƙe ta ba, shi ne jikina ya yi sanyi. Don Allah waɗanda suka daɗe a sana'ar ku ba ni shawara.

Baba Mai Hoto, Ƙofar Ƙaura:
Wa alaikumus salam, ɗana. Pentax ba baƙuwa ba ce, yaran yanzu ne ba su san ta ba. Da Pentax K1000 na koyi aiki zamanin da ake sa fim a cikin kyamara. Tun 1975 kyamarorin Pentax suke kan bakin lensi (wurin da ake ɗaura lensi) iri ɗaya, kuma har yau ana ƙera su, a hannun kamfanin Ricoh da ya saye su a 2011.

Duk da haka, tunda abinci za ka nema da ita, Canon zan ce ka ɗauka. Ka ƙaddara kana tsakiyar kamu, amarya ta fito, batir ya mutu. In 600D ce, waya ɗaya za ka buga wani ya kawo maka nasa a kan babur, don batirinta ɗaya ne da na Canon 550D da 650D da 700D, ga su nan birjik a hannun mutane. Haka lensi. Duk lensin Canon samfurin EF da aka yi tun 1987 zai hau kanta, ranar hawa sai ka ari dogo wajen abokin sana'a, da yamma ka mayar masa. Da Pentax wa zai ara maka a Daura, ko ma nan Katsina? Kamar sayen babur ne, wanda kowane bakanike ya san cikinsa shi ake saye. In ta lalace kuma, masu gyara a Kano da Legas sun fi ajiye kayan Canon da Nikon.

Abu Jibiya:
Baba ya faɗi gaskiya, amma a bar ni in kare Pentax, don ita nake riƙe da ita. Wanda ya taɓa tsayawa gaban dawakai ranar Hawan Magajiya ya san irin ƙurar da ake sha, balle a ce hunturu ya shigo. Jikin K-50 a toshe yake da roba, ƙura da yayyafi ba sa shiga da sauƙi, abin da 600D ba ta da shi. Sai dai ka duba ko an rubuta WR, alamar cewa shi ma a toshe yake, a jikin lensin, in babu to toshewar rabi ce. Maganin rawar hannu kuma a cikin kyamarar yake, ko tsohon lensi ka ɗora zai yi aiki. Tana kuma cin batirin AA guda huɗu in ka samu ɗan gidansu, ranar da babu wuta wannan ba ƙaramin rufin asiri ba ne.

Abu ɗaya ka gwada kafin ka biya. An san Pentax K-30 da K-50 da matsalar abin da ke buɗe idon lensi, sai hotunan farko su riƙa fitowa da duhu. Ka sa mai ita ya ajiye ta kwana biyu ba a taɓa ba, kai ka kunna ta da hannunka ka duba hoton farko.

Maman Hanifa:
Ƙanena, ni bikin mata nake ɗauka da Nikon D3300, yawanci cikin ɗaki ko da dare. A irin wannan aikin filashi ya fi komai, kuma na Canon da Nikon ne ke cike da shaguna, na Pentax sai ka yi oda ka jira. Ka ware kuɗin filashi da batir na biyu tun yanzu. In ka karkata ga Canon, ka nemi ƙaramin lensin nan 50mm f/1.8, yana da araha, kuma yana fito da lalle da kwalliyar amarya yadda dangi ke so.

Ɗan Kusugu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira mai Pentax ɗin, ya ce ɗaya daga cikin lensin akwai WR, kuma ya yarda in je in kunna ta da kaina ranar Asabar. Baba, in na shigo Katsina zan so in riƙe 600D a hannunka ko na wani yaronka kafin in yanke. Malam Abu, gidan batirin AA ɗin a ina ka samu naka?