Clarity, Hotjar ko Google Analytics: wanne zai nuna mini inda masu saye ke tsayawa?

Hauwa_Zane:
Assalamu alaikum. Ina da shafin sayar da atamfa da leshi a kan WooCommerce (manhajar buɗe shago a intanet), ana biya ta Paystack (kamfanin karɓar kuɗi ta intanet), akwai kuma maɓallin WhatsApp a ƙarƙashin kowane kaya. Mutane na shigowa, suna zuba kaya a kwando, amma kaɗan ne ke kaiwa ga biya. Ina son sanin inda suke tsayawa da abin da ke tsayar da su. Wani ya ce in sa Google Analytics, wani ya ce Hotjar, wani kuma Clarity. Da wanne zan fara? Kusan duk da waya suke shigowa.

Injiniya_Sada:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Tambayarki gida biyu ce. "A ina suke tsayawa" aikin Google Analytics 4 (GA4) ne, domin ƙirga yake yi. "Me ke tsayar da su" kuwa ba zai taɓa gaya miki ba.

Fara da ƙirgar. Sa lambar GA4 kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa matakan saye huɗu: view_item (duba kaya), add_to_cart (zubawa a kwando), begin_checkout (fara biya), purchase (kammala saye). Ana yi da ƙaramar manhajar WooCommerce ko ta Google Tag Manager. Da an gama, ki buɗe DebugView, wato shafin gwaji na GA4, ki sayi kaya ɗaya da wayarki, ki ga ko kowane mataki ya fito sau ɗaya tak. Idan purchase na fitowa sau biyu in an sabunta shafin godiya, cinikinki zai kumbura a banza.

A ranar farko ki canja wa'adin ajiye bayanai daga wata 2 zuwa wata 14, domin abin da ya goge ba ya dawowa. Idan biyan na fitar da mai saye zuwa shafin Paystack sannan ya dawo, ki sa adireshinsu cikin jerin waɗanda ba a lissafa su a matsayin masu turo baƙi, in ba haka ba rahoto zai nuna kamar Paystack ne ya kawo miki kowane ciniki. Haka mahaɗin da kike sawa a WhatsApp: ki liƙa masa utm_source da utm_campaign, wato alamomin da ke nuna tushen ziyara, don sau da yawa ba a gane inda mutum ya fito. Kada kuma ki yanke hukunci da alkaluman yau, sukan ɗauki awa 24 zuwa 48 kafin su daidaita.

Maman_Khalifa:
Na yarda da Injiniya, amma Hajiya kada ki jira wata guda kina tara alkaluma. Ki sa Microsoft Clarity yau ɗin nan. Kyauta ne, kuma yana naɗar ziyarar mutum ki kalla kamar bidiyo: inda ya latsa, inda ya gangara, inda ya tsaya cak.

Kada ki kalli naɗin barkatai, zai cinye miki yini. Tace waɗanda suka isa shafin biya amma ba su ga shafin godiya ba, masu waya kawai, ki kalli 20 zuwa 30. Clarity da kansa yana ware latsawar fushi, wato mutum ya yi ta dannan wuri ɗaya a jere, da kuma latsawar da ba ta haifar da komai ba. A shafin atamfa abin da aka fi gani shi ne yatsa na dukan hoton ana son ya girma a ga zanen da kyau, hoton ya ƙi motsi. Ko a fom: an zo gurbin lambar gidan waya, wadda WooCommerce kan nema, mutum ya rubuta, ya goge, ya sake, ya fita. Ko kuɗin kai kaya ya bayyana a matakin ƙarshe, sai ki ga an haura sama an duba jimla sau biyu an rufe.

Naɗin kwana 30 yake yi ya goge, sai wanda kika yi wa alama. Ba ya kuma ganin abin da ke faruwa cikin tagar Paystack. Hotjar aikinsu kusan ɗaya, sai dai ya fi ƙarfi wajen ƙaramar tambayar da ke fitowa a kan shafi, kuma in baƙi suka yi yawa sai an biya. Kada ki haɗa su biyun, nauyi ne kawai a kan ƙaramar waya.

Abu_Data:
Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma ina ganin shi ne babba: maɓallin WhatsApp ɗin nan. Da yawa cikin waɗanda kike ɗauka sun gudu, wataƙila sun koma can ne su tambayi ragi su tura kuɗi ta banki. A idon GA4 sun ɓace, alhali sun saya. Ki mai da latsa mahaɗin wa.me, wato na maɓallin WhatsApp ɗin, mataki mai suna nasa a GA4, ki riƙa kwatanta shi da odar da ta shigo ta hira. Wanda ya biya ya rufe burauza kafin shafin godiya ya buɗe shi ma ba a ƙirga shi, don haka odar da ke cikin WooCommerce ita ce gaskiya.

Masu Opera Mini da suka kunna matse data sosai, a sabar kamfanin ake sarrafa musu shafin, don haka naɗinsu ba abin dogaro ba ne.

Sauran manhajojin ƙirga irin su Mixpanel da Amplitude da PostHog ki bar su tukuna, sun fi dacewa da manhajar da mutane ke da asusu suna dawowa kullum. Matomo kuma, mai aiki irin na Google Analytics, sai in dole bayanan su zauna a sabarki, kuma taswirar latsawarsa da naɗinsa na kuɗi ne.

Dalili kuwa, daga bakin mutane ake jin sa. Samo mata biyar irin masu sayen kayanki, ki ce kowacce ta sayi turmi ɗaya da wayarta tana faɗin abin da take tunani, ke kuma ki yi shiru ko da ta rikice.

Hauwa_Zane:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Abin da ya rage: naɗin nan ba zai nuna lambar waya da adireshin mutane ba? Amana ce suka ba ni.

Maman_Khalifa:
Clarity na rufe abin da ake rubutawa a gurabun fom tun daga farko. Amma shafin godiya da na asusu sukan nuna suna da adireshi a rubuce, don haka ki ɗaga rufin zuwa mafi tsanani, ko ki rufe waɗannan sassan da hannu, sannan ki kalli naɗin sayenki na gwaji ki tabbatar. Ki kuma rubuta a shafin bayanin sirri cewa kina amfani da waɗannan manhajoji, domin dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta a sanar da mutane abin da ake tarawa a kansu da dalilin tarawar.