Me ya kashe Pentium 4: dogon layin aiki ko zafi?

Malam Sani: Ina nan a kan bakata: tun a takarda Intel ta kashe Pentium 4, firosesarta (guntun da ke sarrafa aikin kwamfuta). Samfurin Willamette na 2000 matakai 20 ne a layin aikinsa, wato jerin matakan da kowane umarni ke bi, a samfurin Prescott na 2004 aka kai shi 31. Duk sanda firosesa ta yi kuskuren hasashen inda shiri zai karkata, sai ta zubar da duk umarnin da ke cikin layin ta sake lale. Athlon 64 na kamfanin AMD matakansa 12 ne, asararsa kaɗan ce. Shi ya sa mai 2.2 GHz yake kai ruwa rana da Pentium 4 mai 3.2, a wasanni ma ya wuce shi.

Hadiza: Malam, ka ɗora wa layin laifin da ba nasa kaɗai ba. Da gangan aka tsawaita shi, don kowane mataki ya yi ɗan aiki, agogon firosesa, wanda ake auna saurinsa da GHz, ya yi gudu. Intel 10 GHz take hange. Wuta ce ta ɓata lissafin. Abin da guntun ke ci yana tafiya ne da saurin agogo sau bolt sau bolt. A da in an ƙanƙance tiransista, wato ƙananan makunnan wuta da ke cikin guntun, sai a rage bolt, zafi bai ƙaru ba. Da ƙanƙancewar ta kai nanomita 90 bolt ya ƙi sauka sosai, tiransistocin kuma suna yoyon wuta ko ba sa aiki. Prescott ya tsaya a 3.8 GHz yana cin wat 115, magajinsa Tejas kuwa aka soke shi a 2004.

Bello: Ku biyun kun tsallake RAM, ma'ajiyar wucin gadi da firosesa ke ɗaukar bayanai daga ciki. Athlon 64 a cikinsa mai kula da RAM yake. Pentium 4 sai ya bi ta wani guntu a kan madabod, jira ya yi tsawo. Ga L1, ƙaramar ma'ajiyar bayanai da ke cikin firosesa, kilobait 8 kacal kafin Prescott. Pentium 4 na farko kuma an ɗaure su da nau'in RAM mai tsada, RDRAM, da aka ba su SDRAM mai araha a 2001 sai yunwar bayanai ta kama su.

Malam Sani: Hajiya, to Dothan fa? Pentium M ne, firosesar laptop, aikin injiniyoyin Intel na Haifa a Isra'ila, shi ma nanomita 90, shekara ɗaya da Prescott, amma wat 21. Yoyon bai san hanyar gidansa ba ne?

Hadiza: Ya sani, sai dai Dothan a kusan 2 GHz yake, da ƙaramin bolt, ba a matsa masa ba. Na yarda da rabin maganarka: tsarin da ba ya cin riba sai agogo ya tashi, shi zai fara buga kai da bango. Amma AMD ma ta gwada wannan hanya, FX-9590 na 2013 ya taɓa 5 GHz da wat 220.

Bello: Daga zuriyar Pentium M ɗin aka fitar da Core 2 Duo a 2006: matakai 14, umarni huɗu a bugu ɗaya, wat 65. Samfurinsa E6600 mai 2.4 GHz ya bar Pentium D, ɗan gidan Pentium 4, mai 3.6 a baya.

Malam Sani: To ai maganata ke nan, Malam Bello. Matakai 14.

Hadiza: Da umarni huɗu, da ma'ajiyar L2, wadda ke bayan L1, megabait 4, da nanomita 65. Kada ka ɗauki ɗaya ka bar uku.