Zauren Gidanmu: garin "sabunta ƙoda" zai yi wa Baba amfani?

Kawu: Salamu alaikum. Wani a Kasuwar Dole ya nuna min garin magani, ya ce ƙwayoyin asali ne, waɗanda sauran ƙwayoyin jiki ke fitowa daga gare su. Wai zai sabunta ƙodar Yaya, mahaifinku, jakunkunan ruwan da ciwon gadon nan ke tara masa a ƙoda su tsotse. Mu haɗa kuɗi.

Gwaggo: Na yarda. Ciwon nan ya ɗauke mana Inna, ba za mu naɗe hannu ba.

Auta: Kawu, ku gafarce ni. Ƙwaya mai rai ba ta zama gari a leda. Ko an haɗiye ta, ciki zai narka ta kamar tuwo.

Yaya Babba: Amma na ji masana na binciken ƙwayoyin nan a kan ciwon.

Auta: Suna yi, Yaya, sai dai ta wata fuska. Kowace ƙoda na da ƙananan matatai wajen miliyan 1, kuma ƙirarsu na ƙarewa kusan mako 36 na ciki. Daga nan sai faci: in bututun matata ya ji rauni, wasu ƙwayoyi su hayayyafa su cike gurbin. To a jikin Baba duk ƙwayoyin na ɗauke da ƙwayar gadon da ta lalace, wadda ake kira PKD1 ko PKD2, har da masu facin. Shi ya sa wasu masana ke zargin masu facin nan, da suke ɗauka ƙwayoyin asali ne, su ne ke hayayyafa ba tsayawa, bangon bututu ya kumbura ya tara ruwa. Wasu kuma sun ce ƙwayoyin bututun da suka riga suka girma ne ke komawa ɗanyu. Gardamar na nan.

Kawu: Wato magini ne ke rushe katanga? Wannan bai shige ni ba, ɗiyata.

Gwaggo: Ba auren zumuncinmu ba ne ya jawo?

Auta: A'a, Gwaggo. Irin na Baba daga ɗaya cikin iyaye, uwa ko uba, yake wucewa, kowane ɗa na da kashi 50 cikin 100 na gadonsa. Wanda zumunci ke ƙara wa haɗari wani iri ne daban, na jarirai. Ko maganin tolvaptan da Amurka ta amince da shi a 2018 rage gudun ciwon kawai yake. Abin da ke hannunmu: maganin hawan jini kullum, a rage gishiri da Maggi.

Yaya Babba: To kuɗin su tafi ga awon jinin Baba, mu manya kuma mu je babbar asibiti a yi mana eko, hoton ƙoda.

Kawu: Ni dai ban ce wa mai garin na fasa ba tukuna.

Gwaggo: A sa ni cikin masu zuwa eko ran Litinin.