Abin da munka tattara kan kwana a bakin tafkin Kainji

Jama'a ga taƙaitaccen abin da anka tattauna a majalisarmu ta Birnin Kebbi kan masu son zuwa su kafa tanti su kwana bakin tafkin Kainji ta ɓangaren Yauri.

Maganar da tafi ɗaukar lokaci ita ce tsaro, kuma ni ma nan na tsaya, kar wanda ya shiga daji ko ya hau tsauni ya kwana don kawai wurin ya yi mishi kyau a hoto, ku fara zuwa wurin mai gari ku gaishe shi ku faɗi abin da ya kawo ku, in ya ce wuri kaza ba lafiya to ku haƙura kawai.

Masunta sunka ce a kafa tanti kan tudu nesa da ruwa, saboda dorina da dare take fitowa kiwo kuma in ka tare mata hanyar komawa ruwa wallahi ba ta da wasa. Lokaci kuwa an fi son bayan damina, Nuwamba zuwa Janairu, amma sanyin asuba bakin ruwa sai da bargo, gidan sauro ma dole.

Ruwan tafki a tafasa kafin a sha, yara kuma kar su yi ta wanka ciki saboda tsargiya. Kwale-kwale sai da rigar kariya mai hana nutsewa kuma banda dare, akwai kututturan itace ƙarƙashin ruwan tun da anka kammala dam ɗin a 1968. Wutar girki a kashe ta da ruwa kafin a kwanta, ciyawar hunturu ba ta jira.